Darasi Na Goma Sha Ɗaya: Rayuwa Bayan Gama Maganin Tarin Fuka

A wannan darasi ba za mu koma kan yadda ake ɗaukar tarin fuka ba, ko yadda ake gano shi. Maganarmu a kan mutumin da ya riga ya sha magani ce, ya cika watanninsa, aka sallame shi ya koma gida. Da wuya ka zaga ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa, Minjibir ko Dawakin Tofa ba ka tarar da irinsa ba. Mai yiwuwa ma yana cikin ajin nan, ko matarsa, ko mahaifiyarsa.

Maganin tarin fuka, wanda wasu ke kira tarin tibi, wata shida ake yi ana shansa idan ciwon bai bijire wa magani ba. Wata biyun farko magani huɗu ne a haɗe, wata huɗun baya kuma biyu. Kyauta ake bayar da shi a asibitocin da ke cikin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta. A ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida, ana karɓar kakin majinyaci a duba. In ba a ga ƙwayar cutar ba, sai ma'aikaci ya rubuta a kati cewa an warke. Rana ce ta godiya ga Allah.

Daga wannan rana ne kuma mutanen gida kan faɗa ɗaya daga cikin kuskure biyu. Wasu su ci gaba da gudun mutum don har yanzu yana tari, a ware masa kwano da moɗa. Wasu kuma su ce ai likita ya ce ya warke, saboda haka in ya kasa kai ƙarshen kunya a noman firi sai a kira shi rago. Duka biyun cutarwa ce, ko da ba da niyya aka yi ba. Rubutun da ke kan katin yana shaida cewa ba a ƙara ganin ƙwayar cutar a kaki ba. Bai yi alkawarin huhu ya koma yadda yake a da ba.

Abin da ciwon ke bari a ƙirji

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta shiga bututun da ke ta rarrabuwa zuwa ƙanana, har ta kai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna inda take haɗuwa da jini. Idan ƙwayar tarin fuka ta zauna a huhu, jiki yakan tashi ya yaƙe ta, kuma a fagen wannan yaƙi naman huhu yana lalacewa. Wani wurin ya ruɓe, ya fita cikin kaki, ya bar rami. Wani wurin ya warke da tabo. Kowa ya taɓa ganin tabon ƙuna a hannun mai girki: ciwo ya tafi, amma fatar ta taurare, ba ta miƙewa kamar sauran jiki. Haka tabon huhu yake. Ba ya buɗewa ya cika da iska, shi ya sa mutum ke haki daga ɗan aikin da a da ba ya ko lura da shi.

Bututun iskar ma sukan samu rabonsu. Wasu su ƙuntace, numfashi ya riƙa fita da fito. Wasu su faɗaɗa su saki, kaki ya riƙa kwana a cikinsu. Mai irin wannan da asuba yake tashi da tari da kaki mai yawa, kuma ciwon ƙirji da zazzaɓi sukan ziyarce shi sau da dama a shekara, domin kakin da ya kwanta matattarar wasu ƙwayoyin cuta ne. Gwargwadon daɗewar mutum da ciwon kafin ya fara magani, gwargwadon ɓarnar da yake bari. Wanda ya yi wata takwas yana yawo tsakanin kemis da mai tallar magani a kasuwa ba ɗaya yake da wanda aka gwada a mako na uku ba.

Ba kowa ne ke fita da wannan lalura ba. Da yawa suna komawa garau. Amma masu fita da ita ba kaɗan ba ne. A birnin Blantyre na ƙasar Malawi an bi diddigin manya 405 da suka kammala magani, aka buga sakamakon a 2020. Lokacin sallama, kusan kashi 60 cikin 100 suna kukan tari ko haki ko makamancinsu. Bayan shekara guda sai adadin ya sauko zuwa kusan kashi 30. Wannan lissafi yana ɗauke da albishir: huhu yana ci gaba da farfaɗowa cikin shekarar farko, don haka kada wanda aka sallama jiya ya yanke ƙauna. Yana kuma nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku bai rabu da wahalar ba.

Masana sun ƙiyasta cewa a 2020 akwai mutum miliyan 155 a duniya da suka taɓa yin tarin fuka suna raye. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu kamuwa, kusan rabin miliyan a shekara. Duk da haka, sai a 2019 aka yi taron duniya na farko a kan halin waɗanda suka warke, a garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu, shekara 137 bayan likitan Jamus Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882. A ganina an makara ƙwarai. An daɗe ana ƙirga wanda ya gama magani a rufe fayil ɗinsa, ba a tambayar yadda yake hawa tudu.

Idan tari ya ƙi tafiya, ko ya dawo

Wannan shi ne wuri mafi muhimmanci a darasin, a karanta shi sau biyu.

Tari bayan magani yana iya zama ɗaya daga abubuwa da dama, kuma babu mai iya rarrabe su da ido ko da kunne. Yana iya zama tabon nan da muka faɗa. Yana iya zama tarin fukan ne ya dawo, ko dai daga ragowar ƙwayar da ta ɓuya, ko kuma mutum ya sake ɗauka daga wani. Warkewa ba ta ba da garkuwa. Hasali ma wanda ya taɓa yi ya fi wanda bai taɓa yi ba haɗarin sake kamuwa, kuma tasowar ragowar ƙwayar ta fi yawa a shekarar farko. Saboda haka duk wanda tarinsa ya sauya ko ya ƙaru har mako biyu, ko zazzaɓin yamma da gumin dare suka dawo, ko ya ga yana ramewa, ya koma wurin da ya karɓi magani ya ba da kaki. Gwajin kyauta ne. Wanda bai san inda zai nufa ba yana iya kiran lamba 3340, ita ma ba a biya.

Akwai abu na uku da mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Fumfunar da ke fitowa a kan hatsin da ya sha danshi, ko a juji, ko cikin tarin taki, tana da iri mai tashi a iska wanda ido ba ya gani. Kullum muna shaƙarsa, lafiyayyen huhu kuma yana kore shi. Amma idan akwai rami a huhu, wata fumfuna da likitoci ke kira Aspergillus takan shiga ta yi gida a ciki. Alamominta da na tarin fuka kusan ɗaya ne: tari, kaki da jini, rama, kasala. A wani bincike da aka buga a 2017 a kan majinyata 208 a Legas da Ilori, masu shan maganin tarin fuka ko waɗanda suka kammala, an tarar kusan 9 cikin 100 wannan ciwon ne ke damunsu. Maganin tarin fuka ba ya kashe fumfuna. Tana da nata maganin dabam da ake sha wata shida ko fiye, kuma da gwajin jini da hoton ƙirji ake gano ta, akasari a manyan asibitoci.

Kun ga ke nan haɗarin a ce duk tari bayan magani tarin fuka ne, a sake ɗora mutum a kan wata shida ba tare da tabbaci ba. Abubuwa biyu kan ruɗa ma'aikacin da bai san tarihinka ba. Tabon huhu yana fitowa a hoton ƙirji har ƙarshen rayuwa, wanda bai ga tsohon hoto ba sai ya ɗauka sabon ciwo ne. Na'urar GeneXpert kuma, wadda ake gwada kaki da ita, tana iya ganin gawar ƙwayar cutar watanni da yawa bayan ta mutu. Don haka katinka da hotonka dukiya ne. A sa su a leda, a adana tare da takardun gona, a riƙa tafiya da su duk asibitin da za a je, ko da bayan shekara goma ne.

Ƙa'idojin da masana suka fitar a 2021 sun ce ya kamata a duba kowane majinyaci a ƙarshen magani don a san halin da huhunsa ke ciki. Ba ko'ina ake yin haka ba tukuna, amma kana da ikon tambaya. Mu ƙaddara wani dattijo ne ya je karɓar sallama:

"Baba, sannu da ƙoƙari. Kakinka ya fito lafiya, magani ya ƙare."

"Alhamdu lillahi. To amma ɗana, har yanzu in na ɗauko ruwa daga rijiya sai na tsaya a hanya. Ko ciwon bai fita ba ne?"

"Ya fita, Baba. Wannan sauran ɓarnar da ya yi ce. Zan rubuta maka takardar hoton ƙirji, ka ajiye shi. Ka dawo bayan wata uku mu auna nauyinka, mu ji yadda numfashin yake."

"Jikokina fa? Uwarsu ta hana su shiga ɗakina."

"Su shiga, Baba. Amma a kawo mana su mu duba su, tun da kun zauna tare kafin ka fara magani."

Idan haki ya yi tsanani, ko kaki da jini ya ƙi tsayawa, a nemi takardar turawa daga babban asibitin Bichi, Ɗambatta, Gezawa ko Minjibir zuwa Kano, ko dai Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai gwajin busa, inda mutum ke hura iska cikin na'ura a auna ƙarfin huhunsa, daga nan a san ko maganin shaƙa zai amfane shi.

Wasu alamomin ba sa jiran gari ya waye. Wanda ya yi tarin jini mai yawa, a kwantar da shi a kan gefen da aka san huhun ya lalace don kada jinin ya gangara cikin mai lafiyar, kada a ɗura masa komai, a nemi mota. Haka ma a nemi mota ga wanda numfashi ya sarƙe masa yana zaune, ko leɓunansa suka sauya launi, ko ƙafafunsa suka kumbura. Kumburin ƙafa ga mai tsohon ciwon huhu yakan nuna zuciya ce ta gaji da tura jini ta cikin tabo.

Abin da ake sayowa a kemis

Wanda ya fito daga jinya a rame yake, kuma yana jin kunyar ramar. Sai wani ya ba shi shawarar ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawa daga cikinsu deksametason ne ko danginsa. Suna kumbura fuska, su buɗe ciki, su ma rage haki na ɗan lokaci, amma suna karya garkuwar jiki, suna tayar da suga da hawan jini, suna buɗe wa tarin fuka da fumfuna ƙofa. Ina roƙonku kada wanda ya taɓa yin tarin fuka ya sha su sai likitan da ya san tarihinsa ne ya rubuta.

Sifro da danginta, waɗanda ake sha da sunan taifot, suna iya danne tarin fuka na ɗan lokaci har gwaji ya ƙi nunawa, sannan su koya wa ƙwayar jure magani. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018, yana kashe tarin ne ya bar kakin a ciki. Mai kaki fitar da shi yake bukata.

Gona, rumbu da murhu

Ƙasar nan tamu cike take da mutane. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da taki. Gonakin ƙanana ne, yawancin aikin kuma da hannu ake yi. Magidancin da numfashinsa ya ragu, abincin gidansa ne ya ragu. Ba za mu ce ya bar noma ba, ba shi da wata sana'ar, kuma zama wuri ɗaya ma cuta ne. Abin yi shi ne a sake rabon aiki.

Shuka, cirar ciyawa, tsinkar wake, kiwon dabbobi, duk yana iya yi, ya fita da sassafe, ya riƙa hutawa kafin haki ya ci ƙarfinsa. Huɗa da garma a damina ta farko a bar wa 'ya'ya, ko a nemi shanu, ko a kira gayya. Ayyukan da suka fi cutar da shi su ne masu ƙura: casar gero da dawa, sheƙa, tsayawa a bakin injin casa ko injin niƙa, shiga rumbu a share, juya tsohon taki ko kwashe kashin kaji. A nan ne ƙaiƙayi da irin fumfuna suka fi yawa. In ya zama dole, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya rufe hanci da baki, a yayyafa wa taki ruwa kafin a taɓa shi. Rawani ko ƙyalle yana tare ƙura mai kauri, amma mai laushin tana wucewa, kada a dogara da shi a yini cikin ƙura. Feshin maganin ƙwari ma a ba wani, kuma kada a zuba fiya-fiya a ɗakin da yake kwana.

Da rani matasa kan tafi dako kasuwar hatsi ta Dawanau, ko su tafi cirani. Wanda ya gama magani bana ya yi tunani kafin ya ɗauki aikin buhu da ƙura. Fasa dutse da haƙar zinare kuwa ya haƙura da su gaba ɗaya, domin ƙurar dutse tana yin nata tabon a huhu, tana kuma ƙara haɗarin dawowar tarin fuka.

Lamarin mata ya fi ba ni tausayi, domin nasu wurin aikin ba ya da rani ba ya da damina. Macen da aka sallama yau, gobe tana gaban murhu tana hura ɗanyen kara, ko tana tuyar gyaɗa, ko suyar ƙosai da awara, hayaƙi na shiga inda ciwo bai gama rufewa ba. Maigida ne ya kamata ya fara magana a nan, domin ita ba za ta so a ce ta gaza ba. A fitar da murhu tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa mai iska. A yi amfani da busasshen itace ko kara, kada a kunna wuta da leda ko roba. Kishiya, ko suruka, ko 'ya budurwa su karɓi girki da surfe na wasu watanni. A rage turaren wuta a rufaffen ɗaki, a sa gidan sauro maimakon maganin sauro na hayaƙi. Da hunturu a ƙara mayafi, kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki. Taba, shisha da wiwi kuwa babu sassauci a kansu: mai tabon huhu da ke busa hayaƙi yana ƙara wa kansa haki, yana kuma kiran ciwon ya dawo.

Koya wa jiki numfashi

Mai haki yakan ji tsoron motsi. In ya daina motsi sai tsokar ƙafa ta saki, tsokar da ta saki kuma ta fi cin iska, sai hakin ya ƙaru. A asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda an gwada shirin motsa jiki na mako shida, sau biyu a mako, ga masu lalurar huhu bayan tarin fuka. Babu tsadaddun na'urori, tafiya ce da ɗaga ƙafa da hannu da koyon numfashi, kuma mahalarta sun ƙara nisan tafiya sun ji sauƙin ƙirji. Abu ne da za a iya yi a ƙauye.

Ka zaɓi hanyar da ka sani, misali daga gida zuwa masallaci ko zuwa bakin rijiya. Ka yi tafiyar kullum da saurin da zai sa ka ɗan haki amma kana iya amsa gaisuwa. Kowane mako ka ƙara nisa kaɗan. Ka zauna a kan kujera ka miƙe sau goma ba tare da dafa hannu ba. In ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ka ga jini, ka tsaya. In haki ya taso, ka sunkuya gaba kaɗan ka dafa gwiwa, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga biyu, ka tsuke leɓe ka huro ta a hankali kana ƙirga huɗu. Mai kaki kuma, da safe da kafin barci ya ja numfashi mai zurfi sau uku, ya buɗe baki ya huro iska da ƙarfi daga ƙirji sau biyu, sannan ya yi tari ya tofar a gwangwani mai murfi. Shan ruwa isasshe yana sassauta kaki.

Abinci da sauran jiki

Rashin abinci mai gina jiki na cikin manyan abubuwan da ke jawo tarin fuka a duniya. A jihar Jharkhand ta Indiya an riƙa ba iyalan majinyata abinci kowane wata, sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna sabon kamu a gidajen ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Abin da jiki ke nema yana gonarmu: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waken suya, nono a fura, ƙwai, zogale, rama, kuka. Wasu kan hana mai tari cin gyaɗa da mai. Babu dalilin hana shi, sai dai gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ba ta dace da kowa ba. Wanda azumi ke kayar da shi ya tuntuɓi likita da malami, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2019 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa maganin tarin fuka sun ninka sauran jama'a kusan sau uku a haɗarin mutuwa, kuma ciwon zuciya da jijiyoyin jini na kan gaba a sanadin. Rai a hannun Allah yake. Na kawo wannan ne don kada a tsaya kan huhu kaɗai. A riƙa auna hawan jini, a gwada suga, domin ciwon suga yana ninka haɗarin tarin fuka. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau kada ya yi wasa da maganinsa. Mai juna biyu ta faɗa wa ma'aikatan awo cewa ta taɓa yin ciwon.

Maganin kansa yakan bar wa wasu sawu. Akwai masu jin zafi ko sanyin tafin ƙafa, wannan a faɗa a asibiti, akwai bitamin da ake bayarwa. Waɗanda aka yi wa allurar kanamaisin a shekarun baya saboda tari mai jure magani, wasunsu jinsu ya ragu har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan allura daga shawararta a 2018, a 2022 kuma ta amince da magani na sha zalla na wata shida ga yawancin masu irin wannan tari. In akwai wanda jinsa ya ragu a gidanku, ku fuskance shi in za ku yi magana, ba ƙyale ku yake yi ba.

Kwano ɗaya

Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, daga mai ciwon da bai fara magani ba. Ba ya bin kwano, ko moɗa, ko musafaha, ba a kuma gadonsa. Bayan makonnin farko na shan maganin da ya dace, haɗarin yaɗawa yana faɗuwa ƙwarai, balle wanda ya kammala. Tarin tabo ba ya kama kowa. Wanda ya warke yana iya aure, yana iya haihuwa, mace tana iya shayarwa, limami yana iya komawa gaban sahu. Fasa auren yarinya ko sakin mace don ta taɓa yin tarin fuka ba shi da madogara a ilimin lafiya, kuma irin wannan ne ke sa wasu ɓoye tarinsu har ya cinye huhu ya kuma kama yaran gida. Mutumin da aka ware wata shida yakan fito da ƙunci a zuci, ya rage magana, barci ya ƙaurace masa. A ja shi majalisa, a ci abinci da shi. In ƙuncin ya daɗe, shi ma ciwo ne da ake kaiwa asibiti.

Sai batun kuɗi. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2017 ya nuna kashi 71 cikin 100 na gidajen masu tarin fuka sun yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara, duk da maganin kyauta ne. Kuɗin mota, da na kemis kafin a gano ciwon, da damina guda da ba a noma ba, su ne ke sa a sayar da akuya ko a jinginar da gona. Bayan sallama kuma, hoto da maganin shaƙa yawanci mutum ne ke biya. A tambaya a asibitin mazaɓa ko ana rijistar masu ƙaramin ƙarfi a ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA. 'Yan adashi su ba wanda ya warke kwasar farko. Masu fitar da zakkar hatsi da kaka su tuna da gidan da maigidansa ya yi damina a kwance.

Tambayoyi

1. Me rubutun "an warke" a kan kati yake tabbatarwa, me kuma bai tabbatar ba?
2. Kawo abubuwa uku da kan sa mutum tari bayan ya gama magani. Me ya sa ba za a sake ba shi maganin tarin fuka ba sai an gwada?
3. Don me ake ajiye kati da tsohon hoton ƙirji?
4. Wace illa ƙwayoyin sha-ka-fashe ke yi wa wanda ya taɓa yin tarin fuka?
5. Wani ya yi tarin jini mai yawa da tsakar dare a ƙauyenku. Faɗi abin da za ku yi daki-daki.

Aikin aji

Ku kasu gida biyu. Kashi na farko su rubuta ayyukan gona daga sharar gona zuwa zuba hatsi a rumbu, na biyu su rubuta ayyukan cikin gida daga asuba zuwa dare. Ku ja layi a ƙarƙashin duk aikin da ke da ƙura ko hayaƙi, ku rubuta a gefensa wanda zai iya karɓarsa a gidanku. Kafin zama na gaba, mutum biyu su je asibiti mafi kusa su tambayo ranakun da ake karɓar kaki da wurin da ake ɗaukar hoton ƙirji, su kawo wa aji amsa a rubuce.